Shin da gaske ƙafafun dokin tagulla na faɗin yadda mahayinsa ya mutu?

Wani ɗalibi mai karatun zane da sassaƙa ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce ya lura manyan biranen duniya cike suke da mutum-mutumin sarakuna da janarori bisa dawakin tagulla, to me ya sa doki ya fi sauran dabbobi samun wannan gata? Ya kuma ji an ce ƙafafun dokin suna da ma'ana: in biyu na sama, a fagen fama mahayin ya mutu, in ɗaya ce, rauni ya ji ya mutu daga baya, in huɗun na ƙasa, a kan gadonsa ya cika. Yana son sanin gaskiyar maganar.

Malam, bari in fara da ta biyun, don ita ce mai sauƙin yankewa. Ba gaskiya ba ne. Zance ne da ya yi wa masu yawo da baƙi daɗi a baki, sai ya bazu. A gaban fadar shugaban Amurka akwai Andrew Jackson bisa dokin da ya ɗaga ƙafafun gaba duka biyu, alhali mutumin a gidansa na Tennessee ya mutu a 1845 yana da shekara 78. Sarki Filib na Huɗu na Sifaniya da Sarki Bitrus Babba na Rasha su ma dawakinsu a miƙe suke da ƙafafun baya, kuma dukansu ciwo ne ya yi ajalinsu, na farko a 1665, na biyu a 1725. In ka dage da bincike za ka sami wasu da suka dace da wannan lissafi, amma dacewa ce kawai. Babu wata ƙa'ida da masu sassaƙa suka taɓa haɗuwa a kanta.

Duk da haka ka yi daidai da ka zuba wa ƙafafun ido. Labarin maƙerin suke bayarwa: iya abin da ya sani game da nauyi, da iya kasadar da ya yarda ya yi da ƙarfen sarki.

Doki halitta ce mai wahalar da mai zubi. Ingarma mai kilo 500 yana tsaye ne a kan ƙwauri huɗu sirara, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a kan na gaba yake, saboda kai da wuya sun zarce gaba. Rayayyen doki kullum cikin gyara tsayuwa yake da tsoka da jijiya ba tare da ka lura ba. Na ƙarfe kuwa yadda aka kafa shi haka zai shekara ɗaruruwa, iska na bugunsa, rana na buɗa shi, sanyi na tsuke shi. Dutsen marmara yana jure danni amma ba ya jure lanƙwasa, shi ya sa in ka ga dokin dutse za ka tarar an bar masa kututture ko tulin dutse a ƙarƙashin ciki. Tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da kuza wajen kashi 88 da 12, tana jure duka biyun. Ita ce ta bai wa mai sassaƙa damar barin sarari a ƙarƙashin doki har ka hango wancan gefen ta tsakanin ƙafafunsa.

Sai dai ita ma tana da nata nauyin, ta kusa ninka ruwa sau tara. Da za a zuba wancan ingarman cike taf, zai haura tan huɗu, kuma tun yana hucewa zai tsattsage, domin ƙarfe mai kauri ba ya sanyi lokaci guda. Don haka duk babban dokin tagulla da ka gani holoƙo ne, kamar ƙwarya. Ana fara gina siffar da laka, a lulluɓe ta da kakin zuma wanda kaurinsa bai kai yatsa ba. A jikin kakin nan ake yin ainihin aikin: jijiyar hanci, gashin geza, ƙusoshin linzami. Sai a liƙa masa sandunan kaki da za su zama hanyar shigar ƙarfe da ta fitar iska, a soka ƙusoshi da za su riƙe lakar ciki kada ta motsa, a sake rufe komai da laka a bar shi ya bushe. In an gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin gurbin nan ake tuttula narkakkiyar tagulla mai zafin da ya wuce digiri 1,000. Bayan ta huce a farfasa mazubin. Babu gwaji na biyu, domin kakin ya tafi, mazubin ma ya tafi. Saboda tsoron wannan asara ne yawancin maƙera ke zuba kai daban, ƙafafu daban, wutsiya daban, su harhaɗa daga baya.

Game da reshen farko na tambayarka, ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙasa ranar hawan Daushe ya ɗaga kai ya kalli mai sarauta ya san abin da doki ke yi wa mutum. Yana ɗaga shi sama da jama'a, yana kuma nuna cewa mai iya sarrafa wannan dabba da hannu ɗaya zai iya da ƙasa. Ga tsada kuma ta fuska biyu: riƙon doki sai mai hali, tara tagullar da za a zuba shi sai mai mulki.

Wannan tsadar ce ta cinye yawancinsu. Tagulla tana narkuwa ta zama kuɗi, ta zama ƙararrawa, ta zama igwa. Daular Rum ta kafa dawakin sarakuna masu yawa, amma guda ɗaya ne na sarki ya iso mana cikakke, na Markus Aureliyus, wanda aka yi wajen shekarar 175 miladiyya, tsayinsa ya ɗan haura mita huɗu. Abin da ya cece shi kuskure ne: mutanen zamanin tsakiya sun ɗauka Kustantin ne, sarkin Rum na farko da ya karɓi Kiristanci, sai suka ƙyale shi. A 1538 aka kai shi dandalin tudun Kapitol da Michelangelo ya tsara, a 1981 aka sauke shi don gyara, yanzu yana cikin gidan tarihi, wanda ke waje kwafi ne. Dube shi da kyau in ka sami hotonsa. Ƙafa uku a ƙasa, ta dama ta gaba a ɗage, sarkin ba takobi ba sulke, ya miƙa hannu, ƙafafunsa na reto domin Rumawa ba su san likkafa ba. Wannan tsayuwa ta ƙafa uku ita ta zama ma'aunin Turai na fiye da shekara dubu.

Dawaki huɗun cocin San Marko da ke Venice su ma sun tsira, amma da yawon dole. Daga Kustantiniya aka kwaso su a 1204, Napoleon ya kwashe su zuwa Paris a 1797, aka mayar da su a 1815. Kusan zallar jan ƙarfe ne, wanda ya fi tagulla wuyar zubi amma ya fi karɓar ruwan zinariya. Abin wuyan da ke jikinsu an sa shi ne don ya rufe inda aka yanke kawunansu wajen ɗauko su.

Da Italiyawa suka so farfaɗo da wannan sana'a a ƙarni na 15, sai da suka koma koyo daga tushe, kuma kana iya bin karatun nasu ƙafa da ƙafa. Donatello ya gama dokin wani shugaban mayaƙa mai suna Gattamelata a Padua a 1453. Ya ɗaga ƙafar hagu ta gaba, amma bai yarda ya sake ta a iska ba, sai ya sa ƙwallon igwa a ƙarƙashin kofaton. Mai kallo ya ce alamar yaƙi ce, maƙeri ya san madogara ce. Bayan shekara arba'in da 'yan kai aka buɗe dokin Colleoni, shi ma shugaban mayaƙa, a Venice, aikin Verrocchio, wanda ya mutu a 1488 kafin a zuba shi, Alessandro Leopardi ya ƙarasa. A nan ƙafar a sake take ba abin da ya tokare ta, dokin kamar zai tako daga kan dakalinsa.

Almajirin Verrocchio, wato Leonardo da Vinci, shi ne ya ɗebo da zafi. A 1482 Leonardo da Vinci ya shiga hidimar Ludovico Sforza, mai mulkin Milan, wanda ke son a yi wa mahaifinsa Francesco dokin da ba a taɓa yin irinsa ba. Zane-zanen Leonardo na farko sun nuna doki a miƙe da ƙafafun baya, ga abokin gaba kwance ƙarƙashin na gaba, kuma wannan kwantaccen mutum shi ne zai tallafi nauyin a ɓoye. Da girman da ake so ya kai mita bakwai, sai ya haƙura ya koma ga doki mai tafiya. Ya yi shekaru yana zirga-zirga a bargar fada yana auna dawaki gaɓa-gaɓa, ya kuma ƙudurta zuba shi a tashi ɗaya, da tanderu da yawa suna kwarara cikin mazubin da aka binne a rami. A 1493 ya nuna samfurin laka, Milan ta ɗauka da maganarsa. An tara tagulla wajen tan 70. A 1494, da Faransawa suka shigo Italiya, Ludovico ya aika da ƙarfen zuwa birnin Ferrara a yi igwa. A 1499 Faransawan suka ci Milan, maharbansu suka mai da dokin lakar abin gwajin kibiya. Sai a 1999 aka kafa wani doki mai wannan girma a Milan, aikin Nina Akamu ta Amurka bisa zanen Leonardo, shi ma gunduwa-gunduwa aka zuba shi. A ganina komawar da Leonardo ya yi daga miƙaƙƙen doki zuwa mai tafiya ta fi duk wani bayani nuna maka inda matsalar take. Mutumin da ya fi kowa sanin doki a zamaninsa ya yi lissafi ya ja da baya.

Wanda aka fi ambata cewa ya fara cin wannan jarrabawa a babban mutum-mutumi shi ne Pietro Tacca, da dokin Filib na Huɗu da ya gama a Florence a 1640, wanda ke dandalin Oriente a Madrid yanzu. Ka tuna kashi 60 ɗin nan na gaba: in doki ya miƙe, duk wannan nauyi da na mahayi suna rataye ne a gaban ƙafa biyu. Dabarar Tacca ita ce ya zuba bayan dokin da kauri sosai, gaban kuwa siriri, ya saukar da wutsiya ta zama ƙafa ta uku, da sandunan ƙarfe a ciki da suka nutse cikin dakalin. Ana ruwaito cewa Galileo ne ya taya shi lissafin. Étienne Falconet ya maimaita dabarar a Saint Petersburg da dokin Bitrus Babba da aka buɗe a 1782, sai dai ya fi iya ɓoye ta: ya sa maciji ƙarƙashin kofaton baya, wutsiyar ta sauka a kan macijin. Jama'a suna fassara macijin da maƙiyan sarki, kuma ba su yi ƙarya ba, amma in ka cire shi ka cire turke. A zubin farko na 1775 mazubin ya fashe har wuta ta kama, sai da aka sake zuba ɓangaren sama. Falconet ya bar Rasha a 1778, bai ga buɗewar ba. Dokin Jackson da na ambata, aikin Clark Mills na 1853, shi ne ya tsaya da ƙafa biyu kawai ba taimakon wutsiya, ta hanyar tattaro nauyin ya faɗo daidai saitin kofatan baya.

Duk wannan fama na manya ne. In abu ƙarami ne, lissafin ya canza. A 1969 aka tono wani kabari a Wuwei, lardin Gansu na ƙasar Sin, aka sami dokin tagulla na zamanin daular Han, tsayinsa santimita 34 da rabi. Ƙafa uku a iska, ta baya guda ɗaya ce tak ta taka bayan tsuntsu mai tashi, tsuntsun ya waiwayo kamar yana mamaki. Tsuntsun nan shi ne gindin da ya faɗaɗa wurin tsayuwa. Sinawan lokacin sun ƙwallafa rai a kan dogayen dawakin Fergana ta tsakiyar Asiya, har Sarki Wudi ya tura runduna a 104 kafin miladiyya don ya samo su. Ni dai a duk dawakin tagulla da na sani babu wanda ya kai wannan sauƙin jiki, kuma abin da Tacca ya sha wuya a kansa, wannan maƙerin da ba a san sunansa ba ya wuce shi da fiye da shekara dubu, albarkacin ƙanƙanta.

A Afirka ta Yamma tunanin daban ne. A Igbo-Ukwu, cikin kayan da Thurstan Shaw ya tono a 1959 zuwa 1960, waɗanda ake ƙiyasta su a ƙarni na 9 ko na 10, akwai wani mariƙi na tagulla da ɗan mahayi bisa dabbarsa a samansa. A Binin kuwa ƙungiyar masu zubi ta unguwar Igun, wadda ke yi wa Oba aiki, ta bar mahaya da dama, yawancinsu cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Ƙarfen nasu jan ƙarfe ne da tutiya, mai ɗan rawaya, kuma da yawansa daga mundayen da Turawan Fotugal ke kawowa aka narko shi. Dokin Binin ƙuru ne: gajere, ƙafafu masu kauri, huɗun a dashe a kan faranti. Mahayin ya fi shi girma, ga doguwar hula mai kamar gashin tsuntsu, ga mashi a hannu. Kada ka ce rashin iyawa ne, domin mutanen da suka zuba kawunan Oba da sirin fatar da ke ba masana mamaki ba za su kasa auna ƙafar doki ba. A wurinsu girma a jikin ƙarfe na bin girman daraja ne, mutum ya fi dabba, kai ya fi gangar jiki. Sannan doki baƙo ne a kurmi, ƙudan tsando da sammore ba sa barinsa ya daɗe, don haka mallakarsa kaɗai ta isa alama, ba sai ya yi sukuwa ba. Masana sun rabu a kan ko wane ne mahayin. Wasu sun ce Oranmiyan ne wanda ya zo daga Ife, wasu sun ce Oba Esigie, wasu Attan Igala da Esigie ya yaƙa a farkon ƙarni na 16, wasu kuma sun ce manzo ne daga arewa saboda shigarsa ba ta fadawan Binin ba ce. A allunan fada kuma za ka ga Oba zaune a gicciye bisa doki, bayi biyu na riƙe da hannayensa. Dokin nan kujera ce mai ƙafa.

Kotoko na bakin Tafkin Chadi, tsakanin Chadi da Kamaru, suna zuba 'yan mitsitsin mahaya da ba su wuce tsawon yatsa ba, a ɗinke su cikin fata a rataya wa mai taɓin hankali ko wanda iska ta buge. Wanda ya san yadda 'yan bori ke cewa iska ta hau mutum zai gane tunanin nan take.

Za ka iya tambaya, to mu da muka fi su dawaki, ina namu? Ƙasar Hausa ba ta rasa masu narka ƙarfe ba. Maƙeran fari sun san kaki, sun san zubi. Amma musulunci ya sa an ƙaurace wa siffanta mai rai, hukuncin wannan kuwa na malamai ne, ba fagena ba. Sai gwanintar ta koma kan rayayyen dokin: likkafa mai faɗi, linzami, adon goshi da na ƙirji, ƙararrawa, ƙaimi. Inda Bature ya zuba sarkinsa sau ɗaya ya kafe a dandali, mu muna fito da namu kowace sallah. A ƙasashen musulmi ma da aka kafa irin waɗannan, kamar Ibrahim Pasha a Alƙahira da Muhammad Ali a Iskandariyya a farkon shekarun 1870, Faransawa ne suka yi aikin, Charles Cordier da Alfred Jacquemart.

Abu ɗaya ya rage da ya shafi ƙafafu, kuma shi ne zai fi yi maka amfani a aji. Har ƙarshen ƙarni na 19 ba wanda ya san takamaimai yadda doki ke jera ƙafa a sukuwa, ido ba ya kamawa. Masu zane da sassaƙa suna miƙe na gaba gaba, na baya baya, kamar dokin tseren nan na Girka da aka tsamo gunduwa-gunduwa daga teku a Artemision tsakanin 1928 da 1937, mai ɗauke da ƙaramin yaro, wanda ke gidan tarihin Atina. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto ta Kalifoniya, hotunansa suka nuna cewa lallai akwai lokacin da ƙafa huɗun ke barin ƙasa, amma a lokacin a tattare suke ƙarƙashin ciki. Daga nan dokin tagulla ya canza. Edgar Degas ya riƙa murɗa 'yan dawakin kaki a kan waya yana bin waɗannan hotuna, ba a zuba su a tagulla ba sai bayan mutuwarsa a 1917. Frederic Remington na Amurka ya fito da mai horar da doki a 1895, dabbar ta miƙe tana neman kayar da shi, da farko a mazubin yashi, daga 1900 ya koma zubin kaki domin ya riƙa gyara kowane kwafi da hannunsa kafin a rufe shi da laka. A aikinsa na 1902 mai mahaya huɗu a guje, cikin kofato 16 guda 6 ne kawai suka taɓa ƙasa, kuma dokin da ke gefe ɗaya ba ya taɓa ta ko kaɗan, a jikin maƙwabcinsa yake rataye.

In za ka gwada naka, fara da ƙarami, ƙafa huɗu a ƙasa, da waya mai ƙarfi cikin kowace ƙafa tun daga kofato har kafaɗa. Kafin ka taɓa kaki kuwa, je barga ka nemi izinin mai kula da dawaki ka shafa ƙwaurin doki da hannunka. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke cika kaki har ƙafar ta koma ta saniya.